Mashigan Kwara da Binuwai a Zanen Masu Safiyo: Yadda Ya Kamata a Karanta Su

A ranar 20 ga Yunin 1853, Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da suna Abdulkarim, ya iso gaɓar Kwara daura da garin Say, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, bayan ya baro Sakkwato da Gwandu. Tun kwana guda kafin isowarsa ya aika manzo a tanadar masa jirage, amma da ya zo bai tarar da ko ɗaya ba, sai ya zauna a gaɓa yana nazarin ruwan. Jiragen da suka zo daga baya, kamar yadda ya rubuta, tsawonsu ya kai ƙafa 40, faɗinsu a tsakiya ƙafa 4 zuwa 5, kowanne an yi shi da gungumen itace biyu da aka fafe aka ɗinke su a tsakiya, mafi girmansu kuma ya ɗauki raƙuma uku a tashi ɗaya. Ya ƙara da cewa aikinsu na kullum shi ne dakon hatsi daga yankin da ke sama da Say, kuma wanda ya ba da umarni a kawo su shi ne mai kula da mashigin, wanda ya rubuta sarautarsa da Hausa, sarkin jirgi, ya kuma kawo takwarorinta na Fulatanci da na Sanwai.

Wannan gajeriyar shaida ta ƙunshi abin da ya sa zane-zane da bayanan mashigai na ƙarni na 19 suke da daraja a wurinmu, kuma a cikinta ne ake hango inda suka gaza. Turawan da suka auna Kwara da Binuwai daga 1832 zuwa ƙarshen ƙarnin ba sha'anin fito ne ya kawo su ba. Tsawon kogi ne damuwarsu: daga teku har ina jirgin tururi zai iya kaiwa, a wane wata, da kaya nawa a cikinsa. Mutanen ƙasa kuwa, musamman fataken Hausa, ta faɗinsa suka fi sanin kogin, domin a wurinsu shinge ne da ya gitta tsakanin Kano da Gwanja, ko tsakanin Nupe da Ilori, wanda dole ayari ya tsaya a bakinsa, ya biya, sannan ya ƙetare. Mashigi shi ne wurin da waɗannan hanyoyi biyu suka gicciye juna, shi ya sa ya riƙa faɗowa cikin takardun mai safiyo ko da ba shi ya fito nema ba.

Aikin awon ya kankama ne bayan Richard Lander da ƙanensa John sun bi kogin daga Busa har teku a 1830, suka kashe gardamar da aka daɗe ana yi a Turai game da inda Kwara take ƙarewa. Shekara biyu bayan haka wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird ya tashi jiragen tururi biyu daga Liverpool, ɗaya ana kiransa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, sunan da ba komai ba ne illa kalmarmu ta albarka. Hukumar sojan ruwan Ingila ta sanya hafsanta, Laftanar William Allen, cikin tafiyar domin ya auna kogin. Yadda ake irin wannan awo a wancan zamani shi ne, mutum yakan tsaya a goshin jirgi da doguwar igiya mai darma a bakinta, wadda aka yi wa alama gaba-gaba, yana jefawa yana faɗin zurfin da ya samu, a gindin darmar kuma akwai ɗan rami da ake cusa wa kitse don ya manno yashi ko laka ko tsakuwar ƙasan ruwa. Hafsa yana gefe da kamfas yana ɗaukar fuskar kowace kwana, yana ƙiyasta nisa da agogo da gudun jirgi, in an sami sararin sama kuma a auna tsayin rana ko na tauraro a gyara kuskuren da ya taru a lissafi. Zane wani reshe ne na wannan aiki. Al'adar sojan ruwa ce a zana siffar gaɓa, da tsaunukanta da manyan itatuwanta, domin matuƙin da zai biyo baya ya gane wurin da ido kafin ya afka wa dutse. Lokacin tafiyar Allen ba a ma ƙirƙiro ɗaukar hoto ba, sai a 1839 aka bayyana shi ga duniya, kuma an daɗe bayan nan kafin ya zama abin da za a iya yi a cikin jirgi mai tafiya.

Dalilin da ya sa fensir ya fi yawan sauka a kan mashigi a fili yake. Masu fito ba da ka suke zaɓar wuri ba. Sukan nemi inda kogi ya tsuke, ko inda tsibiri ya raba shi biyu har a iya hutawa a tsakiya, inda gaɓa take da taurin da jaki mai kaya zai taka bai nutse ba, inda kuma ruwa ba ya juyi. Duk wannan ilimi ne da matuƙin jirgin tururi yake matuƙar bukata. Bayan haka a mashigi ake samun kasuwa, da itacen wuta, wanda shi ne abincin injin waɗannan jirage, da mutanen da suka san hanyar ruwa da za a ɗauka jagora, da wakilin sarki da za a nemi izni a wurinsa. A nan jirgi yake jefa anga ya kwana biyu ko uku, kuma sai jirgi ya tsaya mai zane yake samun natsuwar fiƙe fensirinsa.

Abu na farko da ya wajaba mai kallon waɗannan zane-zane ya riƙe shi ne, abin da ke cikin littafi ba shi ne abin da aka zana a bakin kogi ba. Tsakanin su akwai hannu biyu ko uku. Matafiyi yakan yi zayyana ta gaggawa, sau da yawa yana fama da zazzaɓi, ya rubuta 'yan kalmomi a gefe. In ya koma gida sai a miƙa wa gwanin zane ya cike ta, ya sa mutane da dabbobi da inuwa, sannan a kwafe ta a kan lallausan dutse a buga. Zane-zanen da ke cikin mujalladai biyar na Barth, waɗanda suka fito a 1857 da 1858, Johann Martin Bernatz ne ya ƙawata su a birnin Munich daga zayyanar Barth. Bernatz ya taɓa zuwa Habasha, amma bai taɓa taka Adamawa ko Borno ba. Saboda haka idan aka dubi zanen Taepe, mahaɗar Binuwai da Faro inda Barth ya ƙetare a ranar 18 ga Yunin 1851 a hanyarsa ta zuwa Yola, abin da ya fi cancantar a amince da shi shi ne shimfiɗar ruwan da layin tsaunukan da ke nesa, domin su matafiyin ya fi kula da su. Tufafin mutanen da ke gaba-gaba, da tsayuwarsu, da irin itatuwan da aka yi wa hoton kwalliya da su, waɗannan sai an gwada su da wata shaida kafin a kafa hujja da su.

Shaidar kuwa tana kusa, domin rubutun matafiyin da kansa yakan ba da awon da zane ba zai bayar ba. A Taepe Barth ya ƙiyasta faɗin Binuwai da yadi 800, zurfinta a tsakiya ƙafa 11, kwale-kwalen da aka fitar da shi kuma gungume ɗaya ne, tsawon ƙafa 25 zuwa 30, amma faɗinsa bai kai ƙafa ɗaya da rabi ba. Irin wannan jirgi ba ya ɗaukar dabba, don haka dawaki suka yi iyo a gefensa, raƙuma kuma aka sha wahala ƙwarai kafin a tsallakar da su. A kwatanta wannan da jiragen Say masu ɗaukar raƙuma uku. A Borno kuma, a kan Komadugu, ya ga wata dabara ta uku, inda ake ɗaure manyan ƙorai da sanduna a ɗora kaya a kai mutane su tura suna iyo, abin da ya ji Barebari suna kira makara. Kogi uku, jirgi iri uku, kuma kowanne amsa ce ga irin itacen da ƙasar take da shi, da irin kayan da ake fitarwa, da yawan watannin da ruwa yake zama a kogin. Wanda ya kalli zane shi kaɗai zai ce kwale-kwale kawai ya gani, wanda ya haɗa da rubutu shi zai gane cewa Say mashigin manyan ayari ne, an kuma tanadi jirage daidai da su.

Akwai kuma manufar mai bugawa. Allen ya fitar da littafin zane-zanensa a 1840, a daidai lokacin da ake neman goyon bayan jama'ar Ingila ga babbar tafiyar 1841, kuma a cikinsa ana ganin wurare irin su gaɓar dutsen Ida da mahaɗar kogunan biyu a gindin dutsen Patti, inda Lakwaja take a yau, cikin kyau da kwanciyar hankali. Ba a ganin cewa daga cikin Turawa 48 da suka shiga tafiyar Laird tara ne kawai suka tsira da rai. Tafiyar 1841 ɗin ma, mai jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, ta rasa fiye da mutum 40 cikin Turawa 145, akasarinsu saboda zazzaɓi. Ba ina cewa Allen ya yi ƙarya a zanensa ba, domin taswirarsa ta yi wa waɗanda suka biyo bayansa amfani. Abin nufi shi ne, zanen da aka shirya don sayarwa a Landan yakan zaɓi kyakkyawar safiya ya bar sauran kwanakin.

A ganina, babban abin da ake mantawa da shi wajen karanta waɗannan takardu shi ne wata. Jirgin tururi ba ya iya hawa Kwara da Binuwai sai ruwa ya cika, wato daga wajen Yuli zuwa Oktoba, kuma dole ya juyo kafin ruwa ya ja ya bar shi a kan yashi. Fatake kuwa da rani suke tafiya, bayan an gama girbi hanya ta bushe. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan masu safiyon da suka zo ta ruwa sun ga mashigai ne a lokacin da kasuwarsu ta kwanta, gaɓar da ayari ke sauka a kanta tana ƙarƙashin ruwa, faɗin kogi ya ninka. Tafiyar jirgin Pleiad ta 1854 misali ce mai kyau. Labarin da Barth ya aika game da Binuwai ne ya sa aka shirya ta, likita William Balfour Baikie ya jagorance ta bayan rasuwar John Beecroft, Daniel May kuma ya yi aikin awo. Sun shahara da cewa babu wanda ya mutu a cikinsu saboda shan kwinin a kai a kai, sun kuma wuce iyakar da Turawa suka taɓa kaiwa a Binuwai da kimanin mil 250. Amma da Baikie da May suka bar babban jirgi a ƙasar Muri suka ci gaba a ƙaramin jirgi har wani ƙauye da suka rubuta Dulti, sai suka tarar ruwa ya shiga tsakanin bukkoki, mutane suna yawo a kwale-kwale daga gida zuwa gida. Wanda ya zana wannan wuri a wannan mako, da wanda zai zana shi a watan Maris, tamkar ƙasashe biyu za su nuna. Ga kuma wani abin da ya ƙara rikita lamarin a Kwara ta tsakiya: ban da cikar damina, akwai cika ta biyu da ke isowa ƙasar Zabarma da Yawuri cikin sanyin hunturu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali. Zanen mashigi da ba a san watan da aka yi shi ba ya rasa rabin amfaninsa.

Shi ya sa haɗarin da ya sami jirgin Dayspring ya zama alheri ga tarihi. A Oktoban 1857 jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, Baikie da mutanensa suka yi zaman kusan shekara guda a gaɓa kafin wani jirgi ya zo. Cikinsu akwai Laftanar John Hawley Glover, wanda daga baya ya kafa rundunar sojan Hausa a Ikko, da Samuel Ajayi Crowther. Wannan zama na dole ya sa sun ga kogin a cike sun kuma gan shi a janye, sun ga Raba a lokacin da ayarin Hausa da na Ilori ke cincirindo a bakin ruwa. Bayanan da suka fito daga wannan shekara sun fi na masu wucewa da tururi kusanci da rayuwar mashigi ta yau da kullum.

Duk da haka akwai abin da fensir ba ya iya kamawa ko da an zauna shekara goma, shi ne tsarin mulkin da ke bayan fito. Mashigi sarauta ce, kuma baitulmali ne. Lokacin da Hugh Clapperton ya ƙetare Kwara a Afrilun 1826 a Komi, ƙasa da Busa, ya rubuta cewa ana kiran wurin mashigin sarki, kuma ta nan ayarin da ke kai da kawowa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja suke bi. Waɗannan su ne fataken goro, masu tafiya da kanwa da tufafi da jima, su bi ta Borgu da Nikki har Salaga, su dawo da huhunan goro a bayan jakuna. Kafin ayari irin wannan ya ƙetare sai madugu ya zauna da masu ruwa an yi cinikin kuɗin fito, na mutum daban, na dabba daban, na kaya daban, da wuri ake biya ko da wani abu daga cikin kayan, kuma babban ayari yakan ɗauki kwanaki kafin na ƙarshe ya taka ƙetare. A 1830 'yan'uwan Lander sun gamu da wani basarake na tsibirin Zagozhi, daura da Raba, cikin katafaren jirgi da matuƙa masu yawa, suka rubuta sarautarsa da haruffan Ingilishi “Suliken Rouah”. Duk Bahaushen da ya furta wannan da ƙarfi zai ji sarkin ruwa ne. A wannan yanki Kede ne, masu jiragen Nupe, suke riƙe da ruwa ƙarƙashin sarkinsu, Kuta, da ke zaune a Muregi, kusa da inda kogin Kaduna ya faɗa Kwara. Sama da nan akwai Gungawan tsibiran Yawuri da Sarkawa. A cikin zane duk waɗannan sukan zama ɗan baƙin ɗigo mai riƙe da filafili, alhali su ne hukumar kogin. Kuma gaskiya ta wajabta a faɗa cewa cikin waɗanda ake fitarwa a waɗannan jirage akwai bayi da ake kora zuwa kasuwannin kudu da na arewa, waɗanda mai zane ba safai yake bambanta su da sauran matafiya ba.

Sunayen da ke kan takardun su ma suna da labari. Turawa sun daɗe suna kiran Binuwai da suna Chadda, bisa zaton daga tafkin Chadi take fitowa, sai Barth ya kawo sunan da ya ji a bakin Batawa. Yawancin sunayen garuruwa da na sarautu ta bakin tafinta suka shiga taswira, tafintocin kuwa da yawansu da Hausa suke aiki, shi ya sa ake tsintar sarkin jirgi a ƙasar Zabarma da sarkin ruwa a ƙasar Nupe. Wannan hujja ce ta yadda Hausa ta bazu a matsayin harshen kasuwa, amma kuma gargaɗi ne, domin sunan da ke kan takarda ba lalle ne ya zama wanda masu wurin suke kiran kansu da shi ba. Ya kamata kuma a tuna cewa zana kogin bai fara da baƙi ba. Taswirar da aka zana wa Clapperton a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, wadda aka buga a Landan a 1826, ta nuna Kwara da garuruwan da ke hanyarta kamar yadda malaman Sakkwato da fatake suka san su. Haka nan kowace hanyar ruwa da hafsa ya ɗiga a taswirarsa, akwai matuƙin kwale-kwale da ya nuna masa ita da gwangwala, ba a dai rubuta sunansa a ƙasan takardar ba.

Zuwa ƙarshen ƙarnin manufar awon ta sauya daga ciniki zuwa rabon ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, wato mashigin da Barth ya zauna yana jiran jirgi ya zama turken iyaka tsakanin dauloli biyu. A 1896 hafsan sojan ruwan Faransa, Laftanar Hourst, ya gangaro daga Tumbuktu da jirage ciki har da ɗaya na alminiyon mai suna Davoust, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da Say, sannan ya ratsa duwatsun Busa har teku yana awo.

Abin da ya biyo baya shi ne gada. A Jebba an fara da jirgin ruwa mai ɗaukar taragun jirgin ƙasa kafin a kammala gadar wajen 1916, aka buɗe ta Makurdi a 1932, ta Kennedy a Yamai a 1970. Duk inda gada ta sauka, kuɗin fito na manyan ayari ya ƙare, sarautar ruwa ta koma ta masunta da bukukuwa. Amma fito bai mutu ba. A ƙauyukan jihohin Kabi da Neja da Kwara da Kogi har gobe a kwale-kwale ake zuwa kasuwa da gona da biki, kuma kifewar jirgin da ta hallaka fiye da mutum 100 a yankin Patigi a Yunin 2023 ta faru ne a ruwan da Kede suka mulka, ruwan da Allen da Glover suka jefa darmarsu a cikinsa. Ina ganin aikin da ya rage wa ɗalibanmu na tarihi shi ne su ɗauki kwafin waɗannan zane-zane da taswirori, su kai su gaban sarakunan ruwa da tsofaffin matuƙa na Muregi da Raba da Yawuri da Say, a zauna a tantance wane tsibiri ne wannan, wane dutse ne wancan, yaushe ruwa ya bar wannan hanya ya koma waccan. A wasu wuraren ma lokaci ya riga ya ƙure wa irin wannan gwaji da ido: tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tashi fiye da mutum 40,000, tsohuwar Busa da duwatsun da Mungo Park ya hallaka a cikinsu a 1806 suna ƙarƙashin tafki.